Irin Albasar da Na Ɗauko Daga Gana

Shekarar da gulbi ya cika ya hauro cikin garinmu, mun rasa ɗakuna uku da rumbu biyu da akuyoyin Inna. Mahaifina bai yi maganar ko ɗaya daga cikinsu ba. Da ruwa ya janye sai ya ɗauki sanda ya shiga laka, ya yi kwana huɗu yana tono inda rumbun yake a da. Gora yake nema, wata tsohuwar gora mai toshiyar tsumma, wadda irin albasar gidanmu ke ciki. Bai same ta ba. Albasar da ya ware don ta yi masa irin baɗi ita ma ta tafi, ko ɓawonta ba mu gani ba.

Wanda bai san noman fadama ba zai ce ai kasuwa cike take da iri. A gidanmu ba a faɗin haka. Kakanmu ne ya fara ware wannan albasa. Ja ce mai duhu, wuyanta siriri, idan ta bushe sai wuyan ya ƙulle kamar an ɗaure bakin jaka. Saboda wannan wuyan take daɗewa. Albasar mutane kan fara ruɓewa a rumfar ajiya tun zafi bai gama ba, tamu tana nan garau har ruwan farko ya sauka. Daga Goronyo har Wurno an san ta. Baba kuwa rowarta yake yi, kuma ba ya jin kunyar a faɗa. 'Yan kaɗan da ya taɓa ɗiba wa sun shuka ta kusa da ta wasu, ƙudan zuma suka haɗa musu dangi, cikin shekara biyu ta zama albasar kowa. Mutum ɗaya ya rage da ake zaton yana da ita tsantsa, shi ne Baffa, ƙanen Baba, wanda ya bi motocin albasa zuwa Gana tun ina goye, ya yi aure can, ya zauna a wani ƙauye kusa da Bawku. Ran da zai tafi, Baba ya cika masa ƙaramar gora.

Da wayata aka kira shi. Na riƙa wa Baba ita a kunne, don shi bai iya riƙe waya ba, kullum bakinta yake kaiwa sama.

"Irin shina nan, Yaya," in ji Baffa. "Ban taɓa gama shi da wani ba."

Sauran magana wa zai ɗauko. Motocin albasa ba sa tafiya sai an yi girbi. Aika saƙo daga hannu zuwa hannu kuwa, Baba ya ce gara ya bar noman. Kuma bai fi mako uku ya rage lokacin yayyafa iri ya wuce ba.

Ni a lokacin kabu-kabu nake yi. Ina ɗaukar mutane daga Goronyo zuwa Marnona, ranar kasuwa in leƙa Wurno ko Rabah. Na bar fartanya da shekara shida, kuma Baba bai taɓa yafe mini ba, bai kuma taɓa hawa mashin ɗina ba. Ko zai je ta'aziyya gari uku gaba, ya fi son ya hau na wani ko ya taka da ƙafa. Idan zai ambaci mashin ɗin, "ƙarhen nan" yake cewa. To, ranar nan na ce ni zan je. Ba zan ce don albasa kaɗai na faɗa ba. Ina so ya gani da idonsa cewa ƙarfen nan yana da amfani.

Ya dube ni, ya dubi mashin ɗin da ke jingine a zaure.

"Wanga abu shina kai Gana?"

"Shina kaiwa, Baba, in Allah ya so."

"Kaiwa ba ita ta wuya ba," in ji shi. Ya tashi ya yi alwala.

Kwana biyar na yi a hanyar zuwa. Na bi ta Birnin Kebbi da Kamba, na ƙetare a Gaya, na ratsa arewacin Benin da na Togo. A shekarun nan mutum na iya bin wannan hanya shi kaɗai, babu abin tsoro sai ramuka da faci. Mutane kan so in ba su labarin abin da na gani, ni kuma abin da na fi gani shi ne taya ta gaba da kwalta. Na ci abincin da ban san sunansa ba, na yi salla a masallatan da ban iya yaren limamansu ba, duwawuna suka mutu tun rana ta biyu. Iyakar abin ke nan.

Baffa na zaune ƙofar gida da na iso. Na tsorata, don Baba na gani, sai dai an rage masa tsawo an ƙara masa fara'a. Ya rungume ni ya yi kuka, ni kuwa ina tsaye ƙiƙam ban san inda zan sa hannuna ba. Hausarsa ta Sakkwato tana nan yadda ya tafi da ita, 'ya'yansa ne suka koma wata iri.

Washegari ya ja ni gona. Muka wuce lambunsa, muka wuce na maƙwabta, muka yi ta tafiya har na fara zaton ya manta abin da ya fito da mu. Can bayan wani dutse, inda babu gonar kowa, ya nuna mini wani ɗan fili da rijiya a gefensa. A nan yake fidda iri, shekara da shekaru. Mutanen garin suna yi masa dariya, wai ya bar gona kusa ya je yana noma da birai.

"Nan zuma ba ta kawo min na wasu," in ji shi.

Da kansa ya shirya mini saƙon. Ya gauraya irin da toka mai sanyi, ya ƙunshe a farin ƙyalle, ya sa a gwangwanin madara mai murfi, ya danne murfin da tafin hannu.

"Abu biyu ka kashe shi, ruwa da zahi. Ka tsare mashi su. Kuma ka hwaɗa ma Yaya, yadda yab ba ni shi, haka nim maido mashi."

Kwana biyu kawai na yi, na juyo.

Tun ranar farko gwangwanin nan ya dame ni. Na ɗaure shi a baya, yana ta bugun ƙarfe, kwas, kwas, kowane rami sai ya amsa. Na sa shi a jaka, ya riƙa soka mini ƙashin baya. Mai mashin da kunnensa yake tuƙi, duk ƙarar da ba ta inji ba ce tana hana shi sukuni. Da na tsaya shan shayi a wani gari cikin Togo, sai na fidda ƙunshin na tura shi cikin jakar tufafina, na bar wa mai shayi gwangwanin. Har godiya ya yi mini, ya ce zai zuba sukari.

Kafin garin Kandi, cikin Benin, ruwa ya same ni a daji. Mu a nan damina ta ɗauke, can kuwa da sauranta, kuma na san haka, don na ga hadari tun ina zuwa. Babu gari, babu rumfa. Na laɓe ƙarƙashin wata bishiya da ba ta tsare komai ba. Da na isa inda zan sauka na buɗe jaka, tufafi sun jiƙe sharkaf, ƙunshin kuma ya koma kamar ƙullun fura.

Mu 'yan kabu-kabu akwai abin da muka saba. Duk abin da ya jiƙe, inji muke ba. Hula, safa, takardun mashin, har waya idan ta faɗa ruwa, sai a ɗora bisa kan inji a yi tafiya kaɗan, a sauke ta bushe. Na yi haka sau ɗari. Da safe ban tsaya tunani ba. Baffa ya ce ruwa na kashe shi, ga ruwa ya shige shi, dole a fidda ruwan. Rabin maganarsa na riƙe. Na naɗe ƙunshin da wani tsumma, na ɗaure shi da roba a ƙarƙashin tanki, daidai kan inji, na ce nan da awa guda in sauke. Hanya ta yi kyau ranar, iska na kaɗawa, mashin na gudu kamar sabo. Ban tuna da shi ba sai la'asar, a bakin gadar Gaya.

Tun kafin in kwance na ji ƙamshi, irin na riɗin da aka soya. Ƙyallen ya yi ja a gefe guda. Na ɗauki ƙwaya ɗaya na ciza, ta marmashe a haƙorina. Na ciji ta biyu, na ciji ta goma. Shekara shida ba ta isa ɗan manomi ya manta bambancin iri mai rai da matacce ba.

Na zauna bakin hanya ina kallon manyan motoci na hawa gada. Komawa Bawku kwana uku ne, dawowa kwana biyar, lokacin iri ya wuce ke nan. Kuma da wane ido zan kalli Baffa in ce a sake? Waya na aljihuna. Da na kira a nan take na faɗi gaskiya, da an yi mini faɗa na mako guda, a yi haƙuri da shekarar, baɗi a sake aikawa. Na san wannan sarai tun ina zaune a wurin. Amma abin da ke cikin kaina shi ne fuskar Baba idan ya dubi mashin ɗin nan a zaure. Na mayar da ƙunshin jaka, na tada mashin.

Ana cewa idan matafiyi ya tako ƙasarsu sai ya ji sanyi a rai. Ni da na shigo Kamba ban ji komai ba sai ciwon wuya. Na wuce Birnin Kebbi, na wuce Argungu, kowane allon gari da na bari baya sai in ji gida ya matso da yawa.

A Sakkwato na tsaya. Daga Achida zuwa gaba babu mai sayar da iri da bai san fuskata ba, shi ya sa na shiga kasuwar birni, na nemi wani da ban taɓa gani ba. Na ce ina son irin jar albasa. Ya rantse mini cewa nasa babu na biyunsa, ni kuwa ban damu ba, baƙi ne dai, ƙanana, masu kusurwa, kamar kowane irin albasa. Na fita bayan gari, na sauka ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Na zubar da rabin na Baffa a cikin ciyawa, na cike gurbin da na kasuwa, na samo toka a murhun wata mai ƙosai da ta tashi, na gauraya. Ƙyallen da ya ƙone na jefar, na yage hannun wata tsohuwar rigata na ƙunshe. Cikin natsuwa na yi aikin nan. Na lura da haka, kuma bai yi mini daɗi ba.

A mararrabar Marnona abokan sana'a suka hango ni. Kafin in tsaya sun taso, wani na dukan kafaɗata, wani na shafa tanki, wani na duba taya yana salati.

"Kai, mutumin Gana! Wallahi mun ce sai dai a maido ka cikin mota!"

"Mi kak kawo muna? Ko matar Gana ta cikin jakka?"

Suka ajiye fasinjojinsu a tsaye suka raka ni, mashin ya fi goma, ana ta danna ƙaho har cikin gari. Mata na leƙowa ta katangun zana da aka kafa a madadin waɗanda ruwa ya ci. Inna ta yi guɗa, abin da ban taɓa jin ta yi ba. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Tsoro na nan, daɗi na nan, kowanne da wurin zamansa.

Baba na zaune bisa buzu a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, na isar da gaisuwar Baffa, na miƙa ƙunshin da hannu biyu. Ya juya shi, ya dubi ɗinkin rigar da ke jikin tsumman.

"Haka yab ba ka shi? Cikin tsumma?"

Nan ma wuri ne da zan iya tsayawa in faɗi gaskiya.

"Awo, Baba," na ce.

Ya kwance, ya ɗibi kaɗan a tafin hannu, ya hure tokar, ya daɗe yana kallo. Sannan ya kira Inna ya ce ta jiƙa ƙyalle. Haka ake gwada iri a wurinmu: a ɗibi 'yan ƙwayoyi a naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, a tura gindin randa inda ke da sanyi, a jira. Kwana biyar ina fita aiki ina dawowa, idona na kan gindin randar nan. Rana ta shida Baba ya warware. Kusan rabi sun fidda farin tsiro, rabi suna kwance baƙi ƙirin.

"Tahiya ta yi nisa," in ji shi. "Rabi ma arziki na."

Washegari da sassafe ya fito da ƙunshin a aljihu, ya tsaya kusa da mashin yana gyara hula. Na ɗauka wucewa zai yi.

"To, tashe shi mana. Ko sai rana ta yi?"

Ranar ya fara hawa bayana. Ya riƙe mini riga da hannu biyu, kowane kwana sai ya ce in yi sannu. Daga ranar kullum ni ke kai shi fadama in ɗauko shi. Da shi muka yayyafa irin, muka rufa da ciyawa, muka yi dashe bayan mako shida, muka yi ta ban ruwa. Idan mutane suka tsaya gaisuwa sai ya nuna ni da haɓa ya ce, "Shi yat tahi har Gana yaɗ ɗauko." A gabana bai taɓa cewa na kyauta ba, amma ya daina cewa ƙarhen nan, ya koma cewa mashin. Abin da na je nema ke nan, kuma na samu. Wata huɗu na ci ina jin daɗinsa.

Albasa ba ta nuna halinta tun tana ganye. Sai da ta fara ƙwai na ga Baba ya rage magana. Yakan tsuguna ya kama wuyan wata tsakanin yatsu biyu, ya saki, ya matsa ya kama wata. Ban tambaye shi ba. Da ganye ya kwanta muka cire, abin ya fito fili. Wuyanta kauri kamar babban yatsa, janta ya koɗe, wasu ma tagwaye ne a ɓawo ɗaya. Albasa ce mai kyau, kowane ɗan kasuwa zai saya. Ba tamu ba ce kawai.

Kwana uku Baba ya yi yana bin tulin albasar nan ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauka, ya juya, ya ajiye gefe. Siririyar wuya yake nema, ko guda biyar, waɗanda zai sake tada iri da su. Ni ma na taya shi, kuma da gaske nake nema, don ina fata ko ƙwaya kaɗan daga na Baffa sun tsira daga inji. Babu ko ɗaya.

Rana ta uku da yamma, muna zaune gefen tulin, wayata ta yi ƙara. Baffa ne. Ya san lokacin cira ya yi, ya kasa haƙuri. Muka gaisa, ya ce in ba Yaya. Wannan karon Baba ya karɓa da hannunsa.

"Lahiya lau. Awo, mun cire. Ta yi. Mun gode, Allah shi saka da alheri. A gaida iyali."

Ya miƙo mini wayar. Baba bai san ana kashe waya ba, a wurinsa idan ka cire ta daga kunne magana ta ƙare. Ni kuma hankalina na kan fuskarsa, na riƙe ta kawai a hannu.

"Bai riƙe shi ba," in ji Baba. Bai ɗaga murya ba. "Shekara talatin ina cewa ko na mutu akwai na ƙanena. Ashe ya bari ya game da na Gana tun tuni, kunya ta hana shi hwaɗi. Tun da nig ga tsumman nan nis san bai ɗauke shi bakin komi ba. Kai dai ka sha wahalar banza."

Ya dafa gwiwa ya tashi, ya nufi bakin ruwa zai yi alwala.

Sai a lokacin na dubi wayar. Ba ta mutu ba. Na kai ta kunne, ina jin numfashin mutum, da kukan wata akuya can nesa.

"Baffa?"

Shi ya san gwangwanin da ya danne da tafin hannunsa. Da ya tambaye ni ina gwangwani, da na faɗa masa komai, na tabbata da na faɗa. Na tsaya ina jiran tambayar.

"Ɗana," in ji shi, "kana jina?"

"Ina jin ka, Baffa."

"Kak ka ce mashi na ji. In ya huce, ka ce mashi ya yi haƙuri, laihina na."

Na ce to.